Gyaran bakin rafi: kurakuran da masu fadama ke ta maimaitawa

Kowace damina sai sabbin masu fadama su tashi da himmar gyara bakin rafi, a dasa itatuwa, a ɗauki hoto, amma ruwan na nan jawur. Bakina ya gaji da faɗa, shi ya sa na rubuta.

Kuskure na farko shi ne a dasa bishiya a bar ƙasa tsirara. Ciyawa ce ke tace ruwan da ke gudu a saman ƙasa. Idan ruwan gona ya tarar da jema ko gamba a cunkushe, sai ya rage gudu, laka ta kwanta, sinadarin fosfaras na takin zamani da ke manne da ita ya tsaya nan. Saiwar bishiya kuwa aikinta riƙe gaɓa da zuƙe sinadarin naitirojin na taki da ya nutse ƙasa. Ni jema nake fara dasawa, layi biyu, tushe dab da tushe. Sai ta kama sannan giyayya da ɓaure su biyo baya. Bishiyar turare ban yarda da ita a nan ba, ta cika shan ruwa, ciyawa ma ba ta sakewa a ƙarƙashinta.

Na biyu shi ne wanda ya fi ƙona mini rai. Mutum ya raini ciyawa, ta yi kyau, sai ruwa ya ɗan kwanta masa a gona, ya ɗauko fartanya ya yanka lambatu ta tsakiyarta har rafi. Malam, me ka yi ke nan? Duk lakar da takin ta wannan kafar za su bi, ciyawar ta zama ado. Maƙwabcina na sama haka ya yi. Lambatun da bai wuce taku ɗaya ba ya zama kwazazzabo, ya cinye mini gefen da nake albasa, injin ban ruwana ya dinga zuƙo taɓo. Idan ruwa ya kwanta, baza shi a faɗi da ƴan duwatsu, ya ratsa ciyawar a hankali. Wanda ke ganin laka wasa ce ya je Hadejia zuwa Nguru, ya ga yadda ita da ciyawar kachala suka toshe hanyoyin ruwa tun bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya yanayin gudun kogin.

Sauran ƙanana ne. Kada ka kai huɗa har gaɓa, bar aƙalla taku goma. Kada ka zuba takin yuriya hadari na haɗowa. Jarkar feshi a wanke ta cikin gona, nesa da rafi, akwai masu shan ruwan a ƙasa. Kada a banka wa ciyawar wuta da rani, a yanka a yi zana.

Shanu kuma dole su sha. Wanda ya killace gaɓa gaba ɗaya rigima ya sayo, kuma za a tattake dashensa. A zauna da makiyaya a ware mashaya guda, a shimfiɗa mata tsakuwa don kofato ya daina kwaɓa laka.