Yadda na hana sabar imel damun mutane da sanarwar gazawa

Sabarmu mai tura wasiƙu gaba takan karɓi kowane saƙo tukuna. Idan sabar ƙarshe ta ƙi shi, sai ta aika wa mai aikowa sanarwar gazawa. Masu saƙon banza kuwa adireshin wasu suke liƙawa, don haka waɗanda ba su ji ba ba su gani ba ne ke shan sanarwar.

A Postfix, manhajar da ke tafiyar da sabar imel ɗinmu, na kunna saitin reject_unverified_recipient, na mayar da lambar ƙinsa 550 (ƙi na dindindin) maimakon 450 (ƙi na ɗan lokaci). Yanzu sai sabarmu ta tabbatar adireshin wanda aka aiko wa saƙon na nan kafin ta karɓa, in babu ta ƙi tun ana kan layi. Aikin tace saƙon banza ma na matso da shi kafin karɓa. Sannan na girka postsrsd, manhajar da ke sauya adireshin mai aikowa a wasiƙun da ake turawa gaba, sai SPF, tsarin da ke duba ko saba na da izinin aika wasiƙa da sunan adireshin, ya daina kayar da wasiƙun da muke turawa.