Kurakuran da ƙananan lauyoyi masu ADHD suke ta maimaitawa a Legas, na gaji da gani

Makon jiya bayan magariba wani ƙanena da ya gama makarantar lauyoyi bara ya tare ni a bakin masallaci a Obalende, ido jawur kamar garwashi, ya ce Yaya ni fa ina ganin aikin nan ba nawa ba ne, kullum ni nake kashe fitilar ofis amma taimshit ɗina, takardar da muke rubuta awannin aiki, ya fi na kowa rama. Shi ne na uku da ya zo min da wannan kukan a bana, kuma shi ma likita ya tabbatar masa yana da ADHD, wato lalurar nan ta wahalar tsayar da hankali wuri ɗaya, irin tawa. To na gaji da yi wa mutum ɗaiɗai bayani a teburin mai shayi, bari in rubuta kowa ya gani.

Ga wanda ba lauya ba, manyan ofisoshin nan na Victoria Island (VI) da Ikoyi masu yi wa bankuna da kamfanonin mai aiki, da yawansu da awa suke lissafi. Awa ɗaya an yanka ta gida goma, minti shida-shida, ka yi waya da kilayan, wato wanda kake wa aiki, ta minti 12 ka rubuta 0.2, ka duba kwangila na awa ɗaya da rabi ka rubuta 1.5. A Amurka manyan ofisoshi awa 1,800 zuwa 2,000 suke nema a shekara. Inda na fara aiki 1,500 aka ɗora mana, in ka cire hutu da sallah da ranakun zazzaɓi ya rage maka kamar mako 46, wato awa shida da rabi kullum wadda za a iya cajin wani a kanta. Zaman mitin ɗin ofis ba ya ciki, gosulo ba ya ciki, neman fayil ɗin da kai da kanka ka ajiye ka manta inda yake ba ya ciki.

Babban kuskuren da ya fi cin kuɗina shi ne barin cike taimshit sai ranar Juma'a. Kai jama'a! Mutumin da yake shiga kicin ya tsaya yana tambayar kansa me ya zo ɗauka, shi ne zai zauna ƙarfe biyar na yammacin Juma'a ya tuno abin da ya yi ranar Talata da hantsi? Akwai watan da muka yi aikin binciken takardun wani kamfani da ake son saye, sau uku ina kwana a ofis a kan sallaya, amma ƙarshen wata abin da ya fito a sunana awa 71 ne kacal. Oga ya kira ni, bai ɗaga murya ba, ya juyo min da fuskar kwamfutarsa ya ce wannan wata hutu ka tafi ne? Na koma na bi imel ɗin da na tura ɗaya bayan ɗaya da kiran da ke wayata, na tono sama da awa 40 da na yi aiki tsakani da Allah ban rubuta ba, amma ina, bakin alƙalami ya bushe, an riga an tura wa kilayan bil. Bonas ɗin shekarar nan ko ƙanshinsa ban ji ba, wanda muke tebur ɗaya da shi mai tashi ƙarfe shida daidai shi ya kwashe, kuma ba zaluntata aka yi ba, shi yana rubutawa ni ba na rubutawa.

Kuma cikewar Juma'a tana da wani ramin da ya fi wannan zurfi. In ka kasa tunawa sai ka fara cewa ai wannan zai kai awa uku, ka dinga ƙiyasi, wata rana ƙiyasin ya zama ƙari, ƙarin nan kuma cin haƙƙin mutum ne ko da kamfani ne mai biliyoyi, ban da cewa irin wannan na iya kai ka gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Ni dai na gwammace in yi asara da in rubuta minti shidan da ban yi ba.

Abin da nake yi yanzu ba wani abin burgewa ba ne. Ƙaramin littafin aljihu da biro a ɗaure da zare. Kafin in buɗe fayil sai na rubuta lokaci da sunan kilayan, in na rufe in sake rubutawa. Ba na amfani da manhajar waya, na san wasu za su ce ƙauyanci ne, amma ni in na ɗauki waya don in danna agogo sai dai in farka bayan minti 40 a cikin gurup ɗin 'yan ajinmu ana musun siyasar Kano. Sannan na ɗaure shigar da lissafin cikin kwamfuta da salla, kafin alwalar azahar sau ɗaya, kafin la'asar sau ɗaya, kafin magariba sau ɗaya. Komai zan iya mantawa amma ban da salla, sai na rataya abin da nake mantawa a wuyan abin da ba na mantawa.

Kuskure na biyun har yau in na tuna sai cikina ya juya. Ɗaukaka ƙara a kan hukuncin tsakiyar shari'a kwana 14 ne, na hukuncin ƙarshe wata uku, duk wanda ya zauna a makarantar lauyoyi ta Bagauda ko ta VI ya san wannan, ni ma na sani, ba jahilci ba ne ya kayar da ni. Kotu ta yanke wani ƙaramin hukunci a kanmu, oga ya ce in shirya takardar ɗaukaka ƙara, aikin da bai fi awa biyu ba. Sai na ci karo da wani batu a kan umarnin hana taɓa kadara, irin na shari'ar Mareva ta 1975 a Ingila, abin ya yi min daɗi, na nutse kwana uku ina karanta hukunce-hukuncen da ba wanda ya aike ni, ban ci abincin kirki ba, ina jin kaina kamar gobe za a ba ni SAN, lambar girman manyan lauyoyi. Wannan nutsewar ita ce mutane suke yaba mana, wai baiwa ce. Baiwa ce in ta faɗa kan aikin da ake jira, in ta faɗa gefe kuwa doki ne ba linzami. Ranar da na tuna da takardar kwana 16 ne cif. Sai da muka koma roƙon kotu ta ƙara mana lokaci, da rantsuwar bayyana dalilin jinkiri, kuma wane dalili za ka rubuta, ka ce lauyanmu yana can yana shan karatu? Ofis ya ɗauki kuɗin, awannin kwana ukun nan duka aka goge don ba kilayan ɗin da zai biya kuɗin sha'awata, oga kuma ya yi wata biyu bai miƙo min fayil mai nauyi ba, wanda ya fi zagi ciwo.

Ku kuma yaran yanzu sai ku ce ai kun sa rimainda a waya. Wace rimainda? Wadda kake dannewa kana rabin barci? Ƙwaƙwalwarmu lokaci biyu kawai ta sani, yanzu da ba yanzu ba, kwana 14 da wata uku duk ɗaya ne a wurinta sai ranar da wuta ta kama gemu. Shawarar nan ta ka yaudari kanka da ranar ƙarya ma ban ga amfaninta ba, ni na ƙirƙiri ranar, na san ƙarya ce, ya za a yi in ji tsoronta? Abin da ya yi min aiki mutum ne. Akwai wani dattijo mai kai mana takardu rajistirin kotu, duk ranar da na samu wa'adi sai in rubuta masa a takarda da ragin kwana huɗu, ranar na cika zai zo ya tsaya a kaina da jakarsa ya ce Barista ina jira, ba zai zauna ba kuma ba zai tafi ba. Kunyar dattijon nan ta fi duk wata manhaja. Ƙarshen wata ina sa masa kati.

Sauran ƙanana ne, amma ku ji. Sayen sabuwar manhajar tsara aiki duk wata, wannan ma wasa ne da ya sa kwat. Buɗe imel da sassafe kafin ka taɓa aikin da ya fi nauyi, ka ba wa wasu safiyarka kyauta. Cewa to ga duk wanda ya leƙo da fayil don kana jin nauyin cewa hannuna cike yake. Tsarin nan na minti 25 aiki minti 5 hutu wasu na yabonsa, ni katse min tunani yake yi, nawa daga salla zuwa salla ne.

Sai maganar jiki, nan ma kuna ba ni haushi. Mutum yana zaune a Agege ko Mile 12, ya fito tun kafin asuba don ya tsallake gadar Third Mainland kafin ta cushe, ya dawo goma na dare, sannan ya buɗe kwamfuta da lemon enaji biyu da goro wai zai cike giɓin awanni. Na yi wannan kusan shekara, abin da na samu shi ne takardun da sai an sake rubuta su da safe, awa uku ta dare ta haifi awa biyu ta gyara. Rashin barci yana ƙara wa ADHD ƙarfi, ba sai likita ya faɗa maka ba, gwada ka gani. Tun da jirgin ƙasa na Red Line ya fara jigila a 2024 mutumin Agege zai iya sauka Oyingbo ya ƙarasa, ni kuwa haƙura na yi na koma ɗaki ɗaya kusa da ofis, haya ta cinye ni amma barcina ya dawo.

Magani kuma don Allah a bar sayensa a hannun abokai ko a bayan kanta. Tramadol ba maganin ADHD ba ne, masifa ce kawai za ka ƙara wa kanka. Methylphenidate, wanda ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta, magani ne da hukuma ke sa wa ido, sai da takardar likita, yana rage cin abinci, in ka sha shi da yamma kuma ka yi sallama da barci, shi ya sa nake karyawa sosai kafin in sha. Akwai atomoxetine da ke ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa. Wanne ya dace da kai, da yadda za ka yi da azumi, wannan tsakaninka da likitanka ne tun kafin watan ya kama. Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, kar a gan ka a ce ɗan gidan wane ya taɓu. Ni ma sai da na yi shekara biyu ina kewaye-kewaye, Hajiyarmu tana aiko min da rubutu daga gida, ina sha kuma har yau ina sha, amma na je na ga likitan.

Shi dai yaron Obalende na ciro sabon littafi a jakata na ba shi. Ranar Laraba ya turo min hoton shafin farko, awa 5.8 a rana ɗaya, yana ta murna. Na duba da kyau sai na ga layi uku ba sunan kilayan, na kira shi na ce ƙanena waɗannan wa za ka caja, ni?