Darasi na Tara: Wuƙar Aljihu, ta Gida ko ta Waje?

Ɗauko wuƙar aljihunka in kana da ita, irin mai naɗewar nan, ka buɗe ta ka duba gindin ruwan wuƙar, daidai inda ya haɗu da ƙota. Yawanci akwai ɗan rubutu ƙanana a wajen. Sunan kamfani, wani lokaci sunan gari ko ƙasa, wani lokaci kuma wasu lambobi a cakuɗe da haruffa. Wannan rubutun za mu koyi karantawa yau, don mutane da yawa sunan ƙasar kawai suke gani su yanke hukunci, su bar sauran, alhali sauran ne suka fi faɗin gaskiyar wuƙar.

Musun ta gida da ta waje tsohon musu ne, kuma kowa da gidansa. Ba'amurke in ya ce ta gida yana nufin ta kamfanoni irin su Buck da Case, Bafaranshe Opinel yake nufi, mutumin Suwizalan kuma Victorinox, wato jar wuƙar nan mai ɗauke da almakashi da mabuɗin kwalba da ake ce mata wuƙar sojan Suwizalan. To ita wannan ɗin ma labarinta abin dariya ne. A 1891 da sojojin ƙasar suka tashi raba wa dakarunsu wuƙar aljihu, babu kamfani ko ɗaya a cikin ƙasar da zai iya ƙera yawan da ake so, sai aka kai kwangilar guda 15,000 garin Solingen na Jamus, wajen kamfanin Wester & Co. Daga baya ne Karl Elsener, wanda ya buɗe maƙerarsa a garin Ibach na Suwizalan tun 1884, wadda ita ce ta zama Victorinox, ya karɓi aikin ya dawo da shi gida. Kun ga ke nan wuƙar da ake wa kirari da sunan ƙasa, farkonta 'yar waje ce.

Akwai kuma akasin haka. Kamfanin Schrade na Amurka ya rufe masana'antarsa da ke Ellenville a jihar New York a 2004, aka sayar da sunan, aka ci gaba da fito da wuƙaƙe da wannan sunan amma a Chaina ake yin su. Suna ɗaya, hannu daban. Buck kuwa yana ƙera wasu a Post Falls ta jihar Idaho, wasu kuma a Chaina ake yi masa. Spyderco ya fi kowa rarrabuwa, yana da na garin Golden a Amurka, da na Seki a Japan, da na Taichung a Taiwan, da na Maniago a Italiya, da na Chaina, kuma masu harkar wuƙa da yawa za su ce maka na Taichung ɗin nan ba su da na biyu wajen tsabtar aiki, har da na gidan a ciki.

Saboda haka ku koyi bambance kalmomi biyu na Turanci da ake bugawa a jikin kaya. In kun ga Made in, ana nufin a can aka ƙera. In kun ga Designed in, ana nufin a can aka zana siffar kawai, ƙirar kuma Allah kaɗai ya san inda aka yi sai ka juya ɗaya gefen ko ka duba kwalin. A Amurka doka ta ce ba a rubuta Made in USA sai in duka ko kusan duka kayan a can aka yi. Sunan Solingen ma doka na kare shi tun 1938. Amma Laguiole, sunan wani ƙauye ne a Faransa, ba mallakar kamfani ɗaya ba ne, shi ya sa aka daɗe ana ganin wuƙaƙen Chaina da na Pakistan ɗauke da shi.

Yanzu mu zo kan lambobin, nan ne aikin yake. Misali 8Cr13MoV, ana yawan ganin sa a wuƙaƙen Chaina masu sauƙin kuɗi, kada tsawonsa ya tsorata ku. Lamba 8 ɗin tana nufin sinadarin kabon kusan kashi 0.8 cikin ɗari, shi ne ke sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙe kaifi. Cr13 kuma sinadarin kuromiyam ne kashi 13 cikin ɗari, shi ke hana tsatsa. Sai kuromiyam ya kai aƙalla kashi 10.5 kafin a kira ƙarfe marar tsatsa, irin wanda Harry Brearley ya gano a garin Sheffield na Ingila a 1913. Za ku kuma ci karo da 420HC da 440C da D2, duk sunayen ƙarfe ne. Opinel su sun sauƙaƙa, in an rubuta Carbone ƙarfe ne mai saurin wasuwa amma yana tsatsa in ka bar shi da lema, in an rubuta Inox ba ya tsatsa da wuri. Wanda ya rubuta maka sunan ƙarfensa ya ba ka abin da za ka kama shi da shi, wanda bai rubuta komai ba kuma ba lallai maƙaryaci ba ne amma sai ka ƙara buɗe ido.

Sai dai fa akwai abin da ba a rubutawa, kuma shi ne rabin wuƙa: yadda aka gasa ƙarfen. Ana sa shi a wuta ya kai wani zafi da aka auna, a sanyaya shi da sauri ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya zama mai karyewa kamar tangaran. In aka yi sakaci a nan to ko ƙarfen da ya fi kowane tsada ne ya tashi a banza, ko dai ya yi laushi bakin ya riƙa lanƙwashewa ko ya yi gautsi ya riƙa ɓarewa. Ana auna taurin da ma'aunin da ake rubutawa HRC, yawancin wuƙaƙen aljihu suna tsakanin 55 zuwa 62. Buck sun yi suna ne a nan, 420HC ba wani ƙarfe mai tsada ba ne amma sun iya gashinsa, shi ya sa yake aiki fiye da kuɗinsa. Wutar ba ta san ƙasar da take ciki ba, mai tsaye a kanta ne ko ya kula ko bai kula ba.

To me ya sa ta waje takan fi araha? Kuɗin ƙwadago ƙasa, kuma ana yi da yawa a lokaci ɗaya. Garin Yangjiang da ke lardin Guangdong a Chaina cike yake da masana'antun wuƙa da almakashi, a gari ɗaya ake yin mai kyau ƙwarai da tarkace, ya danganta da abin da mai oda ya biya da kuma ko yana aiko mai duba aiki. Ni kaina na taɓa sayen wata mai ƙyalli, sunanta ya so ya yi kama da na wani babban kamfani, harafi ɗaya kawai aka canza, ina cikin fere itace makullin da ke riƙe ruwan a buɗe ya zame ruwan ya rufo mini a kan ɗan yatsa, har yau tabon na nan. An ce araha ba ta ado, amma ba araharta ce ta yanke ni ba, jabu ce, babu wanda zai amsa sunanta.

A nan ta gida take da nata riba, kuma ba ƙarama ba. In ta lalace ka san ƙofar da za ka buga, garanti yana da sauƙin bi, kuma kuɗinka ya zauna a hannun maƙeran ƙasarka. Wanda ya ƙara kuɗi don wannan dalilin ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ta fi kaifi don kawai ta gida ce.

Gani ya kori ji, saboda haka ga yadda ake gwadawa da hannu. Buɗe ta duka, ka riƙe bayan ruwan, ba bakin ba, ka girgiza shi gefe da gefe sannan sama da ƙasa, in ka ji yana kwal-kwal to haɗin bai yi ba. In mai makulli ce ka janye yatsunka daga hanyar da ruwan ke bi, ka danna bayansa a hankali ka ga ko makullin zai riƙe. Rufe ta ka leƙa, ruwan ya zauna a tsakiya ko yana gogar bango ɗaya? Shafa ka ji, tsinin ya ɓuya cikin ƙota ko ya leƙo zai tsaga aljihu? Sai ka ɗaga bakin ya fuskanci haske, baki mai kaifi ba ya ƙyalli, duk inda ka ga ɗan haske yana walƙiya wajen ya dakushe ko ya lanƙwashe.

Aikin wannan makon: kowa ya kwafo duk rubutun da ke gindin wuƙarsa cikin littafinsa, harafi bayan harafi, ya ja layi ƙarƙashin sunan ƙasa ya kuma kewaye sunan ƙarfe in akwai. Sannan ya yanki takarda da ita, ya yanka kwali sau ashirin yana ƙirgawa, ya sake komawa kan takardar ya rubuta ko har yanzu tana yanka ko ta fara yagawa. Ku zo da littafin aji, wuƙar kuma a bar ta a gida.