Yadda Masu Jaridun Yanki Za Su Kafa Ƙungiya Mai Ɗorewa

A 1836 masu jaridun lardunan Birtaniya suka kafa ƙungiyar da aka sani da Newspaper Society, a zamanin da haraji ya danne sana'ar. An soke harajin talla a 1853, na hatimin da ake bugawa a kan kowane kwafin jarida a 1855, na takarda kuma a 1861. Ƙungiyar ta ci gaba da aiki har 2014, lokacin da ta haɗe da ta manyan jaridu aka samu News Media Association. Irin wannan ƙungiya tana daɗewa ne idan mambobinta suna ganin ribarta a aljihunsu.

Don haka a fara da talla. Kamfanin da ke son tallarsa ta fito a jaridu goma ba zai so bin ofisoshi goma ba. Ƙungiya ta karɓi tallar sau ɗaya, ta rarraba wa mambobi, ta cire kamashonta, ta biya kowa cikin wa'adin da aka rubuta, misali kwana 30 bayan kuɗin ya shigo. Jinkirin wannan biya shi ne ya fi saurin kawo zargi, saboda ƙaramar jarida da kuɗin take sayen takardar fitowa ta gaba.

Rabon ya dogara da yawan kwafin da kowa ke sayarwa, kuma a nan ake samun ƙarin gishiri. Kada a karɓi adadi da baki. Mai binciken kuɗi daga waje ya duba rasidin maɗaba'a, ya cire kwafin da dillalai suka dawo da shi. Idan masu talla suka gano an kumbura musu lissafi ko sau ɗaya, duk mambobi ne za su rasa amana.

Kuɗin da mamba ke biyan ƙungiya duk shekara ya bi girman jarida, amma ƙuri'a ta zama ɗaya ga kowane gida. In ba haka ba babbar jarida za ta mamaye kwamiti, ƙananan su janye.

Sai a haɗa odar takarda domin samun rangwame, a kuma ɗauki lauya ɗaya da zai riƙa duba labarai masu haɗarin ƙarar ɓata suna kafin a buga.

Abu ɗaya bai kamata ya shiga zaman ƙungiya ba: haɗa baki a kan farashin jarida ko na talla. Dokokin gasar kasuwanci a ƙasashe da yawa sun haramta shi, kuma sakatare ya dakatar da maganar da zarar an tayar da ita.