Ku wanke ƙyallen kafin ku sa almakashi

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga wata shawara ga masu haɗa ƙyallayen atamfa, ɗinkin da Asantawan ƙasar Gana ke kira asasawa.

Aiki uku ne a hannuna yanzu: mayafin jariri, rigar filo, da zanin gadon da ya ƙi ƙarewa tun kafin azumi. Mayafin ne ya koya mini hankali. Na tattaro ƙyallaye wajen teloli a unguwar Aboabo da ke Kumasi, na ƙara da yadi 2 daga kasuwar Kejetia, na ɗinke ban wanke ba. Wankin farko ja ya zuba a kan fari, sababbin suka tsuke, ɗinkin duk ya tattare.

Don Allah ku jiƙa kowace kala daban, ku shanya, ku goge, sannan ku yanka. Kada ku haɗa auduga da yadin roba, ba sa tsukewa daidai.

Wajen yanka kuma, ku fitar da ma'auni da kwali, santimita 12 kowane gefe, ɗinki ya ci santimita 1. Duk layin da kuka gama, ku kwantar da bakin ɗinkin da dutsen guga ta ɓangaren kala mai duhu, don kada ya nuna ta cikin farin.