Babi na Shida: Murabba'in Mita da Rabon Kaso

Darasi na ɗaya

Kowa ya ɗauko takarda da fensir. Mita 1 santimita 100 ce, wannan kam kun riƙe shi. To, ku zana akwati mai gefe huɗu daidai wa daida, ku rubuta mita 1 a tsawonsa, mita 1 a faɗinsa. Girman cikinsa shi ake kira murabba'in mita, ana rubuta shi m². Ɗan 2 ɗin nan na sama ba ado ba ne, gefe biyu yake nufi: tsawo da faɗi.

Murabba'in santimita nawa ne a ciki? Yawancinku za ku ce 100. Ba komai, kusan kowa a nan yake tuntuɓe. Tsawo 100 ne, faɗi ma 100 ne, saboda haka 100 sau 100, watau 10,000. Ku sa yatsa ku ƙirga sifilin, huɗu ne.

Ga allo mai murabba'in mita 3, za mu mayar da shi murabba'in santimita. Ku ce 3 sau 100, ya ba da 300. Kada ku ajiye fensir, tsawo kawai kuka yi! Saura faɗi: 300 sau 100, ya zama 30,000. Sau biyu ke nan. Ku faɗa da baki: ɗaya na tsawo, ɗaya na faɗi. In za a koma baya ma haka ne. Murabba'in santimita 50,000 a raba da 100, a sami 500, a sake rabawa da 100, a sami murabba'in mita 5.

Wanda ya tsaya a 300 bayan duk wannan bayani, gaggawa ce ke damunsa, kuma gaggawa ba uzuri ba ce. Ya goge, ya sake. Sau biyu na ce.

Darasi na biyu

Fili mai tsawon mita 50 da faɗin mita 40 za a raba wa mutum biyu a kan 2:3, watau ɗaya kaso biyu, ɗaya kaso uku. Girman filin 50 sau 40 ne, murabba'in mita 2,000. Ku haɗa kason tukuna: 2 da 3, 5. A raba 2,000 gida 5, kowane kaso 400. Na farko ya sami 800, na biyu 1,200. Ku haɗa su, in ba su koma 2,000 ba akwai kuskure.

Darasi na uku

Hekta 1 murabba'in mita 10,000 ce. Ku mayar da hekta 2 zuwa murabba'in mita, sannan ku raba a kan 1:4. Ku zo da amsa darasi mai zuwa.