Inshorar lafiya ga mai shirin zama a ƙasar waje

Wanda ya tashi a Birnin Kebbi ko Argungu ya saba da cewa idan ciwo ya kwantar da mutum, dangi ne ke haɗa kuɗin asibiti, wannan ya kawo abin da ya sawwaƙa, wancan ya sayar da buhun shinkafa, har a sallamo mara lafiya. Wannan gatan ba ya hawa jirgi tare da mutum, kuma rajistar da aka yi da KECHEMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar Kebbi, ko hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, a cikin Najeriya amfaninta ya tsaya.

Dokar ƙasar da za a zauna ita ce ke fara yi wa mutum zaɓi. A Birtaniya, mai neman bizar da ta wuce watanni shida yana biyan kuɗin lafiya tare da kuɗin biza, wanda tun watan Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a kowace shekara, na ɗalibai da yara kuma fam 776, kuma na dukan shekarun bizar ake karɓa a dunƙule. Da wannan ne zai riƙa ganin likita a ƙarƙashin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnatin ƙasar, sai dai ya yi rajista da likitan unguwarsa tun makon farko, kada ya jira sai zazzaɓi ya kama yaro cikin dare. A Saudiyya kuwa, kamfanin da ya ɗauki mutum aiki ne doka ta ɗora wa yi masa inshora, kuma ba a sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, sai da ita.

A Jamus inshora wajibi ce, kuma iri biyu ce: ta hukuma da ta 'yan kasuwa. Ta 'yan kasuwa takan yi wa matashi araha, amma kuɗinta na hawa yayin da shekaru ke tafiya, komawa ta hukuma kuma bayan shekara 55 abu ne mai matuƙar wuya. Magidanci ya lura cewa ta hukuma tana ɗaukar matar da ba ta aiki da 'ya'ya ba tare da ƙarin kuɗi ba, wanda a ganina ya isa ya raba gardama ga mai iyali.

Amurka ce wurin da ya fi bukatar natsuwa. Bayan kuɗin wata-wata, akwai adadin da mutum zai fara kashewa daga aljihunsa kowace shekara kafin kamfani ya soma biya, sannan kowane tsari yana da asibitocin da ya yarda da su, wanda ya je wani daban kuwa nauyin na iya komawa kansa. Wani ƙanena da ya tafi karatu ya sayi inshorar matafiya ta intanet saboda arha, bai kuma karanta shafin da ke lissafa abubuwan da ba ta biya ba. Da hawan jininsa ya tashi aka kwantar da shi kwana biyu, sai kamfanin ya rubuto masa cewa ciwo ne da ya shigo da shi, don haka ba ruwansu. Ya kira ni yana cewa, "Yaya, takardar bashin nan ko kallonta ba na iya yi." Arha dai ba ta ado.

Saboda haka mai sikila ko ciwon suga ko hawan jini ya bayyana ciwonsa tun wurin cike takarda, ya kuma nemi amsa a rubuce kan ko za a biya maganinsa, domin ɓoyewa kan ba kamfani hujjar soke yarjejeniyar gaba ɗaya. Masu sabon aure su tambayi batun haihuwa, tunda tsare-tsaren 'yan kasuwa da dama ba sa biyan kuɗinta sai an yi watanni da shiga. Kafin a bar gida kuma, a karɓi rahoton likita da Turanci, mai ɗauke da ainihin sunayen magungunan da ake sha, domin sunan da mai kemis ya san magani da shi a Jega ba lallai ne likitan can ya taɓa jin sa ba.